Sai An Yi Gawa Ake Jin Labarin Ƙauye?

Duk mai bibiyar jaridu da gidajen rediyon ƙasar nan zai lura cewa sunan ƙauye ba ya fitowa a kanun labarai sai in an yi babban rashi. Ko dai kwale-kwale ya kife da masu zuwa cin kasuwa, ko 'yan bindiga sun kai hari, ko cutar amai da gudawa ta ɓarke, ko ruwa ya cinye gari. A ranar ne za ka ga manyan motoci sun tayar da ƙura zuwa can, a kai buhunan shinkafa da tabarmi da alƙawura, a ɗauki hoto, a juyo. Amma labarin da ya gabaci masifar, wato na rijiyar burtsatsen da ta shekara biyu a lalace, da ɗakin shan maganin da jemagu suka mayar gidansu, da gadar da ta tsage tun damina uku da suka wuce, wannan babu mai kawo shi, babu kuma mai tambayarsa.

Ra'ayina a nan shi ne, abubuwa biyu ne suka kassara ayyukan jin daɗin jama'a a karkarar Arewa. Na farko, babu wata tsayayyiyar hanya da labarin ƙauye zai bi ya isa kunnen hukuma a kan lokaci. Na biyu, babu hanyar da bayanin kuɗin da aka ware wa ƙauye zai bi ya sauko wa mutanen da aka ware dominsu. Matuƙar hanyoyin nan biyu suna toshe, ko nawa aka zuba a ƙananan hukumomi rariya zai bi. Zan kawo dalilaina daga abubuwan da suka faru a idon kowa.

A watan Maris na 2010, wata tawagar ƙungiyar likitocin nan ta MSF tana zagayen sa ido kan cutar sanƙarau a Jihar Zamfara, sai ta samu labarin cewa ƙananan yara na ta mutuwa a wasu ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. Yaro zai kama amai, ya shiga farfaɗiya, kafin a ankara rai ya yi halinsa. An ba su maganin zazzaɓin cizon sauro da na sanƙarau, bai yi aiki ba. Da aka gwada jini sai aka tarar gubar dalma ce. Farashin zinariya ya tashi a kasuwar duniya, mutane suka dinga kwaso duwatsun ma'adini zuwa cikin gidajensu, suna daka su a turmi, suna niƙa su a injin niƙan hatsi, ƙurar kuma ta bi ɗaki da tsakar gida inda yara ke rarrafe. A ƙauyuka biyu da masana suka bincika gida-gida, sun gano cewa daga cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara 5, guda 118 sun rasu a cikin shekara ɗaya. Wato ɗaya cikin kowane huɗu. Jimillar yaran da suka salwanta a wannan annoba an ƙiyasta sun kai 400 ko fiye.

Mai karatu ya tsaya ya yi tunani a kan wannan. Ba a ɓoye aka binne yaran nan ba. An yi musu wanka da salla, an yi zaman makoki, mai unguwa ya sani, liman ya sani, duk wanda ya ratsa maƙabarta ya ga jerin ƙananan kaburbura. Akwai kansila a mazaɓar, akwai shugaban ƙaramar hukuma, akwai sashen lafiya a sakatariya. Duk da haka sai da baƙi suka zo neman wata cuta daban kafin duniya ta ji. Kuma ko bayan an ji, garin Bagega, wanda ya fi sauran girma, ya zauna cikin guba har 2013, domin ba a iya fara ba yara magani sai an kankare gurɓatacciyar ƙasar an kwashe, kuɗin aikin kuwa sun maƙale a Abuja. Sai da wasu matasa suka tayar da gangami a kafofin sadarwa, ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam suka sa baki, sannan gwamnatin Shugaba Goodluck Jonathan ta saki kimanin dala miliyan 4 a farkon 2013. Da a ce mun ɗauki darasi, da irin wannan bai sake faruwa ba. Amma a 2015 gubar ta sake kashe yara 28 a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja.

Ba wannan kaɗai ba ne. Annobar sanƙarau da ta faro daga yankin Zurmi a ƙarshen 2016 ta yi watanni tana cin mutane kafin a tashi tsaye a kanta a matakin ƙasa, kuma kafin ta lafa a tsakiyar 2017 ta kashe fiye da mutum 1,000, mafi yawansu a Arewa maso Yamma. Haka nan ƙauyen Tudun Biri na ƙaramar hukumar Igabi, wanda ke kusa da fadar Jihar Kaduna, mutum nawa suka san da shi kafin daren 3 ga Disamba 2023, lokacin da jirgin soja maras matuƙi ya jefa bam a kan masu taron Mauludi, hukumar agajin gaggawa ta ce an binne mutum 85? Sai bayan nan aka fara maganar yi wa garin hanya da asibiti. To, ashe kafin ranar ba su da buƙatar hanya da asibitin?

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, ƙasar nan ta taɓa iya ƙirga mutanen karkara ɗaya bayan ɗaya. A zamanin En'e, kowace shekara malamin haraji yakan zauna da mai unguwa a rubuta kowane magidanci da kowane baligi, a ƙirga shanu saboda jangali. Rahoto yakan tashi daga mai unguwa zuwa dagaci, daga dagaci zuwa hakimi, daga hakimi zuwa fadar sarki. Baƙo ba ya kwana a gari ba a sani ba, kuma in cuta ta ɓulla wa mutane ko dabbobi, wajibi ne a kai magana gaba. Ga duba-gari yana leƙa randa da masai, ga malamin gona, ga malamin dabbobi. Ba ina kiran a dawo da wancan zamani ba ne, don kuwa an tafka zalunci a cikinsa, kuma talakawa sun yi murna ta gaskiya lokacin da gwamnatocin PRP na Alhaji Abubakar Rimi a Kano da Alhaji Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali a 1979. Abin lura dai shi ne, lokacin da hukuma ke karɓa daga hannun baƙauye ta san sunansa da na mahaifinsa da yawan shanunsa. Da lokacin bayarwa ya zo, sai aka nemi littafin aka rasa.

Ta fuskar watsa labarai ma an taɓa yin hoɓɓasa. An kafa Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939 da Malam Abubakar Imam a matsayin edita, kuma shafin wasiƙunta ya zama dandalin da mutanen garuruwa masu nisa ke kai kukansu. A shekarun 1950, lokacin gangamin Yaƙi da Jahilci, hukumar NORLA da ke Zariya ta riƙa buga ƙananan jaridu na larduna, irin su Himma ta Katsina, da Zaruma ta Sakkwato, da Sodangi ta Kano, da Bazazzaga ta Zazzau, domin wanda ya koyi karatu a ajin manya ya samu labarin yankinsa a harshen da yake ji. Ga motar majigi tana bin garuruwa, ga Rediyon Kaduna da aka buɗe a 1962 ya shiga kowane zaure. Yau muna da gidajen rediyo masu zaman kansu da dama tun bayan da aka ba 'yan kasuwa dama a 1992, kuma wasunsu, irin Freedom Radio da ta fara aiki a Kano a 2003, sun buɗe wa talaka ƙofar faɗin damuwarsa. Sai dai kusan dukkansu a manyan birane suke, masu ba su talla a birni suke, wakilansu ma a birni suke kwana. Labarin ƙauye sai wanda ya samu kuɗin mota ya kawo shi da ƙafarsa.

Yanzu mu dubi ɗaya hanyar, wato ta kuɗi. Tsarin Mulki na 1999 ya lissafa ƙananan hukumomi 774, Kano na da 44, Katsina 34, Jigawa 27, Zamfara 14. Jadawali na Huɗu ya ɗora musu rajistar haihuwa da mutuwa da aure, da kula da kasuwanni da tashoshin mota da mahauta da maƙabartu, da gyaran ƙananan hanyoyi da magudanan ruwa, tare da sa hannu a ilmin firamare da na manya da kiwon lafiya da aikin gona. A taƙaice, duk abin da ya shafi rayuwar yau da kullum ta mutumin karkara yana wuyansu. A tsarin rabon arzikin ƙasa suna da kashi 20.6 cikin 100. Amma sashe na 162 ya tanadi asusun haɗin gwiwa tsakanin jiha da ƙananan hukumominta, kuma sanin kowa ne yadda gwamnoni da yawa suka mayar da wannan asusu aljihunsu, suna yaga wa shugabannin abin biyan albashi, ragowar kuma a ce an yi aikin haɗin gwiwa da shi.

A ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli, a ƙarar da Babban Lauyan Tarayya Lateef Fagbemi ya shigar, ta yanke hukuncin cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, ta kuma haramta wa gwamnoni naɗa kantomomin riƙo a madadin zaɓaɓɓun shugabanni. Hukunci ne mai kyau, kuma an yi ta murna da shi. To amma shekara guda bayansa ƙungiyar ma'aikatan ƙananan hukumomi tana ta kokawa cewa ba a aiwatar da shi ba. Zaɓuɓɓukan da jihohi suka yi gaggawar shiryawa a 2024 kuwa sun nuna inda aka dosa: NNPP ta lashe duk kujeru 44 na shugabanci a Kano, APC ta kwashe duk 23 a Kaduna, PDP ta cinye duk 20 a Bauchi. Jam'iyyu uku daban-daban, hali guda. Shugaban da ya san gwamna ne ya ɗora shi, ba ƙuri'ar mutanen ƙauye ba, ina zai mayar da fuskarsa in kuɗi suka shigo?

Ko da a ce gobe an fara tura kuɗin kai tsaye ba tare da wata ƙumbiya-ƙumbiya ba, akwai sauran rina a kaba. Idan mutanen gari ba su san nawa ya shigo ba, ba su san aikin da aka rubuta an yi musu ba, to sauya wa ɓarna mazauni kawai aka yi, daga gidan gwamnati zuwa sakatariya. An gudu ba a tsira ba ke nan. Tun 2004 Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya, a zamanin minista Ngozi Okonjo-Iweala, ta fara buga kason kowace jiha da kowace ƙaramar hukuma a jaridu. Mataki ne da ya cancanci yabo, sai dai da Turanci ake bugawa, cikin ƙananan alƙaluma, a jaridun da ba sa zuwa ƙauye. Yau ma alƙaluman suna nan a intanet ga mai buƙata, amma manomin da ke Dansadau ko Gwaram ko Illela ba ta nan zai gan su ba.

Cewa bayani na iya toshe ɓarakar kuɗi ba hasashe ba ne. A Yuganda, binciken da aka yi kan shekarun 1991 zuwa 1995 ya nuna cewa kimanin kashi 13 cikin 100 ne kacal na kuɗin tallafin da gwamnatin tsakiya ke aika wa makarantun firamare ke isa makarantun, sauran na narkewa a ofisoshin gundumomi. Sai gwamnatin ta fara buga abin da ta aika kowane wata a jaridu, ta kuma wajabta wa makarantu liƙa sanarwar abin da suka karɓa a inda iyaye za su gani. Da aka sake bincike a 2001, fiye da kashi 80 ne ke isa. An yi wasu gyare-gyaren a tsakani, amma masu binciken sun lura cewa makarantun da suka fi kusa da inda ake sayar da jarida su suka fi samun kuɗinsu cikakke.

Ba sai mun je Yuganda ba ma. A ƙarshen shekarun 1980 an ƙirga masu fama da ciwon kurkunu a Najeriya fiye da 650,000, adadin da ya fi na kowace ƙasa a duniya. Babu allurar rigakafinsa, babu ƙwayar da ke kashe shi. Da me aka yaƙe shi? A kowane ƙauyen da cutar take aka zaɓi ɗan gari mai aikin sa kai, aka ba shi littafi, yana rubuta duk wanda kurkunu ya fito masa, yana raba ƙyallen tace ruwa, yana hana mai ciwo shiga tafki, kowane wata kuma rahotonsa ya tafi sama. Cibiyar Carter ta tallafa, Janar Yakubu Gowon ya bi ƙauyuka da gidajen gwamnoni yana matsa lamba a haƙa rijiyoyi. A 2008 aka ga mutum na ƙarshe da ya kamu, a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Najeriya ta rabu da cutar. Haka aka yi da shan inna. Bayan turjiyar da aka samu a 2003, abin bai miƙe ba sai da aka jawo sarakuna cikin aikin a 2009 a ƙarƙashin jagorancin Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar, masu unguwanni suka riƙa bin gida-gida da ma'aikata don sun san inda kowane jariri yake. A 2016 aka ga na ƙarshe da ƙwayar cutar ta asali ta kama, a Borno, kuma a watan Agusta 2020 aka ayyana Afirka ta kuɓuta daga gare ta.

Darasin a fili yake. Duk lokacin da aka ba mutumin ƙauye littafi da alƙalami, aka kuma tabbatar masa akwai mai karanta abin da ya rubuta, aiki na ci. Abin takaici shi ne ba ma yin haka sai in wata ƙungiya daga waje ta zo da kuɗinta don cuta guda, in ta naɗe tabarmarta sai tsarin ya bi ta. Me zai hana littafin da ya ƙirga masu kurkunu ya ƙirga famfunan tuƙa-tuƙa da suka mutu, da malaman da ba sa zuwa aji, da matan da suka rasu wajen haihuwa? Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa a Arewa maso Yamma kimanin kashi 16 cikin 100 ne kawai na haihuwa ake yi a asibiti. Ke nan mafi yawan haihuwa da mace-macen da ke biyo bayanta a ɗaka suke faruwa, inda babu wanda zai rubuta sai ungozoma da mai unguwa.

Saboda haka ina ba da shawarwari huɗu. Ta farko, kowace jiha ta dawo da littafin gari a hannun mai unguwa, da doka, da ɗan alawus da zai sa a riƙe aikin da daraja. A rubuta haihuwa da mutuwa da alamun ciwon da ya yi ajali, da halin da rijiya da makaranta da ɗakin shan magani ke ciki. Kowane wata a haɗa a kai wa hakimi, kwafi guda ya tafi sakatariya. A kuma sa ƙa'ida: in yara biyu ko uku suka mutu da alamu iri ɗaya cikin mako guda, a ranar za a buga wa jami'in sa ido kan cututtuka waya, shi kuma doka ta tilasta masa zuwa. Da akwai wannan ƙa'ida a Anka da Bukkuyum, da ba a kai ga ɗaruruwan kaburbura ba. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Ta biyu, a wajabta wa kowace ƙaramar hukuma liƙa abin da ta samu da abin da ta kashe duk wata, da Hausar boko da ajami da sauran harsunan yankin, a ƙofar sakatariya da fadar hakimi da bakin kasuwa. A ranar kasuwa sanƙira ya karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba. Kowane aiki a faɗi sunan garin da za a yi shi, da kuɗinsa, da ɗan kwangilar, da ranar gamawa. Haka nan asibitin mazaɓa. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya don kiwon lafiya a matakin farko, aka fara sa shi a kasafi a 2018, kuma wani ɓangare nasa na shiga asusun asibitocin da aka zaɓa kai tsaye, da nufin a samu aƙalla guda a kowace mazaɓa. Mutum nawa ne a cikin masu zuwa awo suka san da wannan kuɗi? A rubuta shi a allo a bakin ƙofa, kowa ya gani.

Ta uku, a sakar wa rediyon al'umma mara. Maƙwabciyarmu Nijar, wadda ba ta kai mu arziki ba, ta kafa irin wannan tasha a Bankilare tun 1999, mai aiki da hasken rana, daga baya suka haura 100 a faɗin ƙasar, suna sanar da farashin hatsi da ranar rigakafi da cigiyar dabbobi da hasashen damina a harsunan mutanen wurin. Mu kuwa sai 2015 aka amince da lasisi 17 na farko ga ƙasa mai ƙananan hukumomi 774. Ya kamata hukumar kula da gidajen rediyo ta sauƙaƙa sharuɗɗa da kuɗin lasisi ga al'ummomin karkara. Kafin nan, gidajen rediyon jihohi su ware sa'a guda kullum ga labaran mazaɓu, jaridu masu zaman kansu kuma su nemi wakilai a cikin malaman makaranta da ma'aikatan lafiya da ke zaune a can, su koya musu aikin, su biya su ko yaya ne.

Na san akwai masu ja da wannan, kuma hujjojinsu ba na yarwa ba ne. Za a ce a yankunan da 'yan bindiga suka addaba, wanda aka gani da littafi yana rubuce-rubuce ya sayi ajalinsa, kuma dagatai da dama sun bar garuruwansu sun koma birni. Gaskiya ne, kuma a irin waɗannan wurare dole a yi aikin cikin sirri, a kare sunan mai kawo rahoto. Amma yawancin ƙauyukan Arewa ba a hannun 'yan bindiga suke ba, kuma matsalar wasu ba ta zama dalilin barin saura ba. Ban da haka, rufe layukan waya da aka yi a Zamfara a watan Satumba 2021 ya nuna mana abin da yanke ƙauye daga duniya ke jawowa: mai naƙuda ba ta da hanyar kiran mota, wanda aka kai wa hari ba shi da hanyar neman ɗauki. Za a kuma ce masu unguwanni na iya zama 'yan amshin shatan 'yan siyasa, su ɓoye abin da zai kunyata mai gidansu. Wannan ma na iya faruwa, shi ya sa bai kamata littafin ya zama sirri tsakanin mai unguwa da hakimi ba. A karanta shi a bainar jama'a, kwamitin ci gaban mazaɓa da kwamitin iyayen yara su sa hannu, mata su samu wakilci a ciki. Wasu kuma za su ce ai yanzu kowa na da waya, labari na yawo a WhatsApp da Facebook. Yana yawo, amma gaskiya da ƙarya a cakuɗe, babu kwanan wata, babu wanda zai tsaya a kai, babu kuma jami'in da doka ta ɗora wa amsawa. Hoton rufin aji da iska ta yaye zai samu masu tausayi dubu, gobe wani hoton ya ture shi.

Shawara ta huɗu tamu ce, mu da muka yi karatu muke aiki a Kano da Kaduna da Abuja. Da wuya ka samu likita ko injiniya ko akanta ko lauya ɗan Arewa da ba shi da tushe a wani ƙauye. Kusan kowane gari na da ƙungiyar ci gaba da ke taro da Salla, a ci a sha, a yi asusu, a gina aji ɗaya ko a sayi janareta. Wannan alheri ne, amma akwai abin da ya fi shi tasiri kuma ya fi shi araha. Akantan garin ya zauna da kasafin ƙaramar hukumarsa ya fassara wa mutane shi. Injiniyan ya je ya auna zurfin rijiyar da aka ce an haƙa, ya gwada da abin da ke takarda. Likitan ya duba rajistar ɗakin shan magani sau biyu a shekara. Lauyan ya rubuta takardar neman bayani a ƙarƙashin Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, wadda ta ba hukuma kwana 7 ta amsa, wadda kuma Kotun Ƙoli ta tabbatar a watan Afrilu 2025 cewa ta hau kan jihohi ma. Shugaban ƙaramar hukuma na iya share ƙorafin manomi, amma zai yi tunani sau biyu kafin ya share wasiƙar da lauyoyi da likitoci goma 'yan asalin yankin suka sa wa hannu, suka kuma aika wa jarida kwafi.

Mun ga shirye-shiryen raya karkara iri-iri. An yi DFRRI a 1986, an yi shirin kyautata rayuwar matan karkara a 1987, an yi PTF, an yi na rage talauci kala-kala, kowanne da allon sanarwarsa a bakin hanya. Wasu sun bar abin nunawa, da yawa kuwa allon ne kawai ya rage, shi ma tsatsa ta cinye. Duk daga sama aka tsara su, a sama kuma aka auna nasararsu, ba a tambayi mai ɗaki inda yake masa yoyo ba. Ina kira ga majalisun dokokin jihohinmu da su fara da abin da ba ya buƙatar biliyoyi: dokar littafin gari da dokar allon kasafi. Ina kira ga masarautu da su karɓi aikin a matsayin amanar da dama tasu ce. Ga 'yan uwana masu ilmi kuma, kafin babbar Salla mai zuwa kowa ya binciko nawa ƙaramar hukumarsa ta samu a watanni shida da suka wuce, ya je da alƙaluman gida, ya karanta su a zauren dagaci. Daga nan tambaya za ta fara, kuma shugaban da ya san za a tambaye shi ba ya kashe kuɗi kamar wanda ya san babu mai tambaya.

Allah Ya ji ƙan yaran Anka da Bukkuyum da Rafi, Ya sa kada mu sake jiran gawa kafin mu saurari ƙauye.